Baƙon da Na Kai Ɗakin Yaya Indo

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da ni da wayata, domin tsufa bai kai ga kunnena ba tukuna. Kun ce na fita daga guruf ɗin dangi ne saboda fushi da Alhaji Mamman. Wasunku sun ce girman kai ne, wasu sun ce ƙauyanci, wai an saya mini waya mai tsada na mayar da ita 'yar tocila. Ban taɓa tanka muku ba, don a lokacin da na buɗe baki zan yi bayani muryata karyewa za ta yi, ni kuwa ba na son ku ga haka. Yanzu da na zauna ina rubuta muku abin da ya sawwaƙa daga rayuwata, gara in warware wannan da kaina kafin wani ya warware muku shi a karkace.

Abin ya faru ne a shekarar da na ajiye aikin malamin gona a Batagarawa. Kafin nan wayata ƙarama ce mai tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta mako guda. In ta yi ƙara, to mutum ne ke nemana, kuma da magana a bakinsa. Da yayanku Nura ya zo hutu daga Abuja ya gan ni zaune a zaure ba aikin fari ba na baƙi, sai tausayi ya kama shi, ya je ya sayo mini babbar waya irin ta shafawa. Allah ya yi masa albarka, niyyarsa kyakkyawa ce. Mai shagon da ya saya a wurinsa ma ya so ya yi mana kirki, ya cika ta da manhajoji fal, har da wasan tseren mota, ni da keke ma na daina hawa. Kafin sati ya zagayo an jefa ni guruf goma sha ɗaya ba tare da kowa ya tambaye ni ba: na dangi, na 'yan fansho, na masallaci, na unguwa, na tsofaffin 'yan ajinmu, da wasu da har yau ban san wanda ya sa ni ciki ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Mutumin da aka saba yi wa sallama tun da safe a ofis, rana ɗaya ya wayi gari ba mai nemansa, in ya sami abin da ke kiransa sau ɗari a yini dole ya ji kamar har yanzu da sauransa.

Ku da kuka tashi kuka sami yayata tsohuwa mai laluben bango, Gwaggo kawai kuka sani. Ni Yaya Indo na sani. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma mahaifiyarmu ta rasu ban cika shekara uku ba, don haka bayanta ne na sani a matsayin bayan uwa. Ita ta yi mini wanka, ita ta raka ni makaranta ranar farko, ta tsaya a bayan taga har aka tashi don na ce in ta tafi zan gudu. Amma abu guda ta hana ni duk tsawon rayuwarmu, wato labarin Innarmu. Ba hoto, ba wani tsoho da ya rage wanda ya san ta in ba ita ba. In na tambaya sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, ko da ba a hura wuta a gidan ba. Da na girma na gane ba rowa ba ce, ciwon ne bai warke ba, sai na daina tambaya.

Tun da ta yi aure a Ƙofar 'Yandaka, ban taɓa saukowa daga masallacin Juma'a na wuce gida kai tsaye ba, sai in ba na gari. A ƙafa nake zuwa, in saya mata goro fari, daga baya da haƙora suka tafi na koma kai mata dabino mai laushi. Ina tuna ɗakin nan kamar yanzu: tabarmar kaba, ƙanshin turaren wuta da ya kama bango, da kwanon fura da take rufewa da faifai tun safe ta ce na Audu ne, kada wanda ya taɓa. Gaisuwarmu kaɗai takan ci lokacin shan furar. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi mahaifiyarku, sannan ta bi ku ɗaya bayan ɗaya da suna har zuwa jikoki, ta koma kan damina da gonakin Batagarawa kamar tana da kadada a can. Da idonta ya tafi sai kunnenta ya ƙara kaifi. Tun daga bakin zaure take gane takuna.

Da sabuwar wayar ta zo, ban daina zuwa ba. Wannan ne ma ya ruɗe ni, don ina ganin ai ban yanke zumunci ba. Sai dai ranar Juma'a ita ce ranar da wayar ta fi haukacewa, kowa na turo hoton fure da gaisuwar Juma'a, wanda ya turo a guruf ɗin masallaci shi zai sake turowa a na unguwa. Ina zaune a gabanta, ita tana magana, ni ina cewa "haka ne, Yaya," babban yatsana yana ta aiki. A zatona tunda ba ta gani, ba ta sani ba. Wata Juma'a ta katse zancenta ta ce:

"Audu, wai wane ne wanga baƙo da kake zowa da shi?"

"Wane baƙo, Yaya? Ni kaɗai ne."

"A'a, ku biyu ne. Tun azumi kuke zowa tare. Ba shi sallama, ba shi gaisuwa, sai tsuwa kamar ɗan tsako. Kuma in ya yi magana shi kake ba amsa."

Na yi dariya, na ce waya ce Nura ya saya mini. Ta ce Allah shi yi ma Nura albarka. Na ɗauka wasa ne irin nata, don Yaya Indo akwai zolaya, na mayar da wayar aljihu na ɗan lokaci. Juma'ar da ta biyo baya na ci gaba daga inda na tsaya.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Na shiga ke nan ruwa ya tsuge, irin wanda ke zuba a kan kwano har sai kun matso kusa kafin ku ji juna. Ta sa hannu ta laluba bakin ƙofa, feshin ruwan ya taɓa ta, sai ta ce irin wannan ruwan aka yi ranar da aka haife ni. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, domin daidai lokacin wata gardama ta kaure a guruf ɗin 'yan fansho, a kan wani bidiyo da ko a ƙasar nan ba a ɗauke shi ba. Wani ya faɗi abin da na ga ba daidai ba ne, na duƙufa ina rubuta masa amsa, ina gogewa ina sakewa. Ina jin muryarta tana tafiya a hankali a gefen kunnena, ina jefa mata "to" da "ikon Allah." Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Abin da ya dawo da ni shi ne shirun da ta yi. Na ɗaga kai na ga hawaye a fuskarta, tana sharewa da bakin mayafi.

"Shi ke nan," in ji ta. "Sunan da take kiranka da shi ke nan. Ba wanda ya san shi sai ni, yanzu sai kai."

Na ce, "Wa, Yaya?"

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ba ka ji ba ko?"

"Ruwan ne, Yaya, ƙarar kwano..."

"Kada ka yi ma ruwa ƙazafi, Audu. Shekara sittin da wani abu ina riƙe da zancen Inna, yau Allah ya kwance mani baki, na hwaɗa maka tun daga haihuwarka har ranar da aka ɗauke ta. Ashe da baƙonka nike magana."

Na roƙe ta. Ni da furfurata na durƙusa a kan tabarmar nan na ce ta yi wa Allah ta maimaita. Ta ce fura na nan in sha, ta ja carbinta. Na sha ruwan sama a hanyar komawa gida ban ko nemi mafaka ba. Kunya na ji, da baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi. Da na isa na duba wayar, mutumin da nake gardama da shi ko karanta amsata bai yi ba.

Washegari da hantsi na aika aka kira mini Hadiza, don a cikinku ita ce ba ta yi mini dariya in na tambayi abin da ban sani ba. Na miƙa mata wayar na ce ta mayar wa yayanta, a nemo mini tsohuwata. Ta zauna ta ce in bar ta ta gwada wani abu tukuna, in bai yi ba sai a mayar. Muka baje a tsakar gida, ta riƙa nuna mini manhajojin ɗaya bayan ɗaya tana tambayata yaushe rabona da buɗe kowace. Aikin ya tuna mini da zaɓen iri kafin shuka, wanda na shekara talatin ina koya wa manoma, ban taɓa zaton zan yi shi a kan waya ba. Tseren mota ya tafi. Manhajojin labarai guda huɗu masu kawo labari ɗaya suka tafi, na ce rediyona ya ishe ni. Waccan ta gajerun bidiyoyi, wadda in ka buɗe bayan la'asar sai kiran magariba ya farkar da kai, a kanta na yi jinkiri, Hadiza ta ɗaga yatsa tana kallona.

"Baba, in goge?"

"Akwai wani mai koyar da dashen mangwaro a ciki..."

"Baba, kai ne fa ka koya wa rabin Batagarawa dashen mangwaro."

"Goge."

Ta shiga ciki ta kashe duk wata ƙara da walƙiya da jan ɗigon nan mai ƙirga maka saƙonni, ta bar ƙarar kira kaɗai. Ta hana hotuna sauka da kansu, muka share furannin Juma'a da suka cika wayar har ta fara nauyi. Da ta gama, fuskar wayar ta koma fili, abu huɗu kawai a kai: kira, saƙo, Alƙur'ani da agogo. Na dube ta na ji kamar an share mini ɗaki an buɗe taga. Saura guruf-guruf. Hadiza ta ce akwai yadda za a sa su shiru ba tare da na fita ba, kuma ba wanda zai sani. Shawara ce mai kyau ga mai iya riƙe kansa. Ni kuwa na san halina, in ƙofa a buɗe take sai na leƙa. Na ce ta fitar da ni daga dukkansu.

"Har na dangi, Baba? Kowa zai gani fa an rubuta ka fita."

"Har shi."

Nan ne na yi kuskuren da ya jawo duk surutun da kuka ji. Ni a ganina maɓalli na danna. Ban yi tunanin cewa a wajen mutanenmu guruf majalisa ba ne, kuma dattijo ba ya tashi daga majalisa ya kaɗe riga ya wuce ba sallama. Kafin azahar an kira ni sau bakwai ana tambayar wa ya ɓata mini rai. Alhaji Mamman, ɗan baffana, wanda shi ya buɗe guruf ɗin dangin kuma yake ji da shi kamar gonarsa, shi bai kira ba, da haka na gane nasa fushin ya fi na kowa. Na saka babbar riga na tafi rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, amma bai ce a kawo mini ruwa ba.

"Malam Audu, mi muka yi maka?"

"Ba ku yi mani komi ba, Alhaji. Sallama na zo yi, wadda ya kamata in yi tun kahin in hita."

"Mutum ya tashi cikin 'yan'uwa nai ya bar su, sannan ya ce ba komi? To hwaɗa mani dalili."

In na faɗa, na tona abin da ke tsakanina da Yaya Indo, na kuma tona wautata a tsakiyar kasuwa. Na ce dai idona ne ba ya son yawan kallon waya. Ya ce Allah shi sawwaƙe, ya juya ga mai ciniki. Mun fi shekara muna gaisawa sama-sama kafin zuciyarsa ta sauko. Ba wannan kaɗai na biya ba. Bayan wata biyu abokin aikina na shekara ashirin ya rasu, aka sanar a guruf ɗin 'yan fansho kaɗai, ban ji ba sai ranar uku. Ban sami jana'izarsa ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Daga nan ne na ɗora wa Hadiza aikin da take yi har yau, in an yi mutuwa ko haihuwa ko ɗaurin aure ta kira ni da baki ta gaya mini.

Juma'ar da ta biyo bayan gyaran wayar na je Ƙofar 'Yandaka da dabinona. Muka gaisa, ta bi ku da suna, na sha fura. Ta ɗan karkata kai tana saurare.

"Ina baƙon naka?"

"Shina aljihu, Yaya. An koya mashi ladabi."

"To, mu gani."

Ba ta ce komai game da Inna ba ranar, haka wadda ta biyo, haka ta bayanta. Ni ma ban tambaya ba. Na koyi zama kawai. Da farko hannuna kan tafi aljihu da kansa, in tsinci kaina ina shafa wayar da ba ta kira ni ba. A hankali ya daina. Na fara jin abubuwan da na manta akwai su a gidan: tattabarun maƙwabta, dakan da ake yi a bayan katanga, yadda take jan numfashi kafin ta ambaci sunan wanda ya rasu. Sai bayan an yi girbi, wata Juma'a ba gaira ba dalili, ta ce Inna bahaguwa ce, da hagu take tuƙa tuwo, kakarmu ta yi faɗa har ta gaji. Na ƙame ban motsa ba. Daga ranar ta riƙa ba ni kaɗan-kaɗan, kowace Juma'a abin da ya sawwaƙa. Ashe doguwa ce, mai wushirya irin ta Hadiza. Ashe tana tsoron tsawa, in an yi hadari sai ta tara mu a ƙarƙashin zane ɗaya wai don kada mu ji tsoro. Ashe ita ta dasa bishiyar lemun tsamin da na tashi na gani a tsohon gidanmu. Na taɓa cewa ta bari in ɗauki muryarta a waya saboda ku, ta ce kunnena take so ba na baƙona ba, in na ji in kai muku da bakina. Duk abin da na ba ku labari game da kakarku, daga waɗannan Juma'o'in ya fito.

Sunan ne kawai ta hana. Na tambaya sau ɗaya, ta ce ta riga ta bayar, ba ita ta zubar ba. Ban sake ba, na sa wa raina cewa wannan shi ne hukuncina kuma na cancance shi.

Damina ta sake zagayowa ta same ta a kwance. Jikin ya tafi, muryar ta koma siririya, sai ka kai kunne kusa kafin ka ji. Ranar Juma'ar ƙarshe ba ta iya bin ku da suna ba, ta dai ce "ɗiyan duka lahiya?" na ce lafiya lau. Na zauna har la'asar ta kusa, yayyafi yana sauka a hankali. Na yi mata sallama ba ta amsa ba, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Na miƙe, na kai bakin ƙofa, ina neman takalmina da ƙafa, sai na ji daga bayana, can ƙasa-ƙasa:

"Anaruwa."

Na tsaya. Ba kowa a ɗakin sai ni da ita.

"Anaruwa, ka bari shi ɗauke kahin ka hita. Inna ba ta son kana shan ruwa."

Na koma na zauna a bakin gadon na riƙe hannunta, na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara uku. Ran Talata ta rasu.

To, kun ji dalili. Wayar tana aljihun rigata a wannan lokacin, a kunne, cike da caji, kuma na tabbata a wannan minti ɗin akwai furannin Juma'a ɗari da ke yawo a gari suna neman inda za su sauka. Muryar Yaya Indo ranar nan ba ta kai ƙarar yayyafin ba. Da wayar ta yi tsuwa ko sau ɗaya, da na sa takalmina na fita, kuma da har in mutu ban san yadda uwata take kirana ba.